Mai Abu da Abinsa: Tsokaci a Kan Mallaka da Haya a Zamanin Kwamfuta

Tun fil azal, mai sana'a da kayan aikinsa ake saninsa. Maƙeri yana da uwar maƙera da zuga-zugi, tela yana da kekensa, magatakarda kuwa yana da tafiretarsa. In tela ya sayi keken Singer, to ciniki ya faɗa. Ko kamfanin ya bunƙasa ko ya durƙushe, keken na nan a shagonsa, ya yi ɗinki da shi, ya gyara shi, ya bar wa 'ya'yansa gado. Tambayar da ke gabanmu ita ce: yaya matsayin ma'aikacin da aka raba shi da irin wannan iko, alhali kuwa kayan aikin na kan teburinsa, kuma aljihunsa ne ke biya?

Da farkon zuwan kwamfuta, manhaja ta ɗan yi kama da keken tela. Mutum ya sayo ta a kan faifai, ya ɗora a kan na'urarsa, ya yi shekara goma yana aiki da ita ba tare da ya sake jin ɗuriyar mai sayarwa ba. Gaskiya ne takardar yarjejeniya tana cewa lasisi aka ba shi, ba a sayar masa ba, amma wannan magana ce ta takarda kurum, domin kamfani ba shi da hannun da zai miƙo cikin ɗaki ya karɓe faifan. Intanet ce ta ba shi wannan hannu. A watan Mayu na 2013 kamfanin Adobe na Amurka, mai Photoshop, ya sanar cewa sababbin manhajojinsa ba za a ƙara sayar da su saye na har abada ba, sai dai a riƙa biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Autodesk, mai AutoCAD da masu zanen gine-gine ke dogaro da ita, ya bi sahu a 2016. A shekarar nan kuma Google ya yi ritayar Picasa, wadda ke tsara hotuna a cikin kwamfutar mutum, ya nuna wa jama'a hanyar Google Photos, inda hotunan ke zaune a rumbunan kamfani. Wannan rumbu shi ake wa laƙabi da gajimare, suna mai daɗin ji, ko da yake ba kome ba ne illa kwamfutar wani da ke wata ƙasa.

Adalci ne a saurari hujjar kamfanonin, don ba ta banza ba ce. Manhaja ba ta gamuwa kamar yadda ake gama ƙera fartanya. Kullum ɓarayin intanet na neman kafa, kullum sai an toshe, masu toshewar kuma albashi suke ci. Bugu da ƙari, ɗalibin da ba zai iya tara ɗaruruwan daloli a tashi ɗaya ba yana iya biyan kaɗan-kaɗan ya sami abin da da sai manyan ma'aikatu. Haya kuwa ba haramun ba ce. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe saye, inda ake mallakar abu kansa, da ijara, inda ake mallakar amfaninsa zuwa wani lokaci, kuma duka biyun halal ne. To ina laifin?

A ganina laifin yana cikin abin da aka haɗa da hayar. Wanda ya kama hayar shago, ran da ya tashi yakan kwashe kayansa ya tafi. Amma wanda ya yi shekaru yana zane ko rubutu da manhajar haya, aikinsa na ajiye ne a cikin wani tsari da manhajar ce kaɗai ta fi iya buɗe shi sosai. Ran da ya kasa biya, Photoshop ba za ta buɗu ba. Microsoft 365 kuwa za ta bar shi ya karanta takardunsa ya buga su, amma ba zai gyara ko waƙafi ba. Wato ke nan guminsa na jiya ya zama jingina a hannun mai haya, ba tare da ya ci bashin kowa ba. A 2022 masu zane sun ga misali mai ban mamaki: bayan yarjejeniyar Adobe da kamfanin launuka na Pantone ta sauya, wasu launuka a cikin tsofaffin ayyukansu suka koma baƙi ƙirin, sai wanda ya biya wani kuɗin dabam. Aikin da aka gama, aka karɓi ladansa, shi ne ya canza kama a cikin aljihun tebur.

Sai kuma batun yarda. Ana cewa ai mutum da kansa ya danna "na amince". Amma yardar da ake bayarwa a inda babu zaɓi, yarda ce ta wanda aka tsare a kan gada. Ɗab'i da zanen gini da lissafin kuɗi duk sun ginu a kan 'yan manhajoji ƙalilan, wanda ya ƙi su ya fita daga kasuwa. Sannan sharuɗɗan da aka amince da su yau, ɓangare guda na da ikon sauya su gobe. Ban san wani ciniki a kasuwar Kurmi ko ta Onitsha da za a ƙulla a kan cewa mai sayarwa na iya sake farashi da siffar haja bayan an rabu ba.

Abin ya fi muni idan siyasa ta shigo. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da masu hulɗa da shi a Venezuela cewa zai rufe asusunsu, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa gwamnatin ƙasar. Daga baya an sami izini aka fasa, amma darasin ya riga ya fito fili: mai zane a Karakas, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, sana'arsa na rataye da sa hannun wani shugaba a Washington. Shekara goma kafin nan, a 2009, Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane ya goge littattafan da suka saya, ciki har da 1984 na George Orwell, ya mayar musu da kuɗinsu. Shugaban kamfanin ya nemi afuwa, amma afuwa ba ta kawar da gaskiyar cewa ƙofar na nan, kuma mabuɗin ba a hannun mai ɗaki yake ba.

Mu a nan, kayan aro bai taɓa rufe mana katara ba. Kuɗin hayar yawanci da dala ake auna shi, dala kuwa ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ga tsadar data, ga wutar lantarki mai zuwa ta ga dama. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa shagunan buga takardu da yawa da kwafin sata suke aiki, kuma ba na wanke su. Sai dai wanda ya toshe hanyar saye ya bar ta haya kaɗai, ya rage wa mai son halal ƙofofin shiga.

Akwai waɗanda suka hango wannan tun da wuri. Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983 a kan cewa mai amfani da manhaja ya cancanci ya sarrafa ta, ya bincika cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Daga irin wannan tunani aka sami Linux da LibreOffice da GIMP, waɗanda ke zaune a kan kwamfutar mutum ba sa neman izinin kowa kafin su buɗe. Suna da nasu rauni: wani lokaci takardar da aka tsara da Word takan hargitse a cikinsu, kuma koyonsu na cin lokacin da mai neman abincin yau ba shi da shi. Duk da haka jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice, hujjarta kuwa ita ce kada takardun gwamnati su dogara da ganin damar wani kamfani na waje. Jami'o'inmu, da ke tara kundayen digiri da sakamakon jarrabawar dubban ɗalibai, ya kamata majalisunsu su zauna su tambayi kansu a wane tsari aka ajiye waɗannan takardu, kuma wa zai iya buɗe su nan da shekara 30.