Laifin Wa Ne? Tunatarwa Game Da Yara Masu Galahanga Da Iyayensu

 

Ya ku ƴan'uwa, da wuya a sami unguwa a nan Matameye ko ƙauyukan ƙasar Kantche da ba a san wani yaro irin wannan ba. Ya kai shekara uku ko huɗu bai fara magana ba, ko kuwa yana maimaita abin da aka faɗa masa. A kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali ba kurma ba ne. Ba ya haɗa ido da mutane, ba ya shiga wasan tsaransa, sai ya zauna yana jujjuya murfin kwano ko yana kaɗa hannuwa. Ƙarar injin niƙa kan sa shi kuka mai tsanani. Likitoci suna kiran wannan hali otizim, a Hausa kuma akan ce galahanga, ko da yake kalmar takan haɗa da wasu larurori daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum 1 cikin 127 yana da shi.

Da zarar an ga irin wannan yaro, tambayar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce: me uwarsa ta yi? Wani ya ce ta yi wanka da almuru tana da ciki, wani ya ce ta bar jariri shi kaɗai a ɗaki aljannu suka musanya shi, wani ya ce ɗan ruwa ne, wani kuma ya ce alhakin wani ne ya kama ta. Tambayar da muke son mu tsaya a kanta ita ce, shin ya halatta mu ɗora wa wani laifi a kan abin da ba mu san sababinsa ba?

Kada mu ɗauka cewa jahilai kaɗai ke wannan kuskure, don manyan masana sun faɗa cikinsa. A shekarar 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin yara 11 da ya duba, daga nan aka san larurar da sunanta. Cikin rubutunsa ya ambaci cewa iyayen yaran ba su da sakin fuska. Sai wani malami a Jami'ar Chicago, Bruno Bettelheim, ya ɗauki maganar ya faɗaɗa ta cikin littafin da ya buga a 1967, yana cewa rashin ƙaunar uwa ne ke sa yaro ya rufe kansa daga duniya, don haka a raba shi da iyayensa. Shekaru da yawa iyaye mata suna zuwa asibiti neman taimako, suna komawa gida da zargi a kansu.

Waɗanda suka fara rushe wannan magana masana ne da Allah Ya ba su irin waɗannan ƴaƴa. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, an haifa masa ɗa mai larurar a 1956. Ya san yadda matarsa take son ɗanta, don haka ya tattara duk binciken da ya samu, ya buga littafi a 1964 yana kafa hujja cewa asalin abin a halittar ƙwaƙwalwa yake. A Ingila kuma, likita Lorna Wing, wadda ƴarta take da larurar, ta haɗu da wasu iyaye suka kafa ƙungiya a 1962, sannan a 1979 ita da Judith Gould suka nuna cewa larurar hawa-hawa ce: wani ba ya magana sam, wani kuwa yana karatu har ya wuce tsaransa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka duba tagwaye 21. Cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya, a 4 an sami larurar ga duka biyun, amma cikin 10 marasa kama ɗaya ba a samu ko sau ɗaya ba. Uwa ɗaya ce ke renon tagwaye ko wane iri ne, saboda haka bambancin ya nuna gado, ba reno ba. Kanner da kansa ya tsaya gaban taron iyaye a 1969 ya wanke su daga laifi.

Shi ma Rimland daga baya ya goyi bayan masu cewa allurar rigakafi ce ke jawo larurar. Takardar da ta yaɗa wannan zance a 1998 an janye ta a 2010, aka kuma soke sunan likitan da ya jagorance ta daga rajistar likitocin Ingila. Ashe wanda ya dace a wata mas'ala yana iya kuskurewa a wata, kuma hujja ake bi, ba girman suna ba.

A nahiyarmu ma an yi bincike. Victor Lotter ya zaga ƙasashen Afirka har da Nijeriya, ya bayyana a 1978 cewa akwai larurar a nan, ba ta Turawa kaɗai ba ce. Likita Muideen Bakare na asibitin ƙwaƙwalwa na Enugu ya tambayi ma'aikatan lafiya 134 ra'ayinsu, a rahotonsa na 2009 kuwa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun danganta ta ga abubuwan ɓoye. In haka abin yake ga mai farar riga, ina ga kakar yaro a ƙauye?

Wani zai ce, ai mun yi imani da aljannu da kambun baka. Haka ne, amma imani da samuwar abu daban yake da yanke hukunci cewa shi ne ya taɓa wannan yaro. Na biyun yana buƙatar hujja, kuma Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da ilmi a kansa, Suratul Hujurati kuma ta gargaɗe mu game da yawan zato. Har wa yau Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin zunubin wani. Ta yaya za mu ce an azabtar da jariri saboda laifin uwarsa? Addu'a da ruƙya ta shari'a alheri ne, amma duka, da ɗauri, da turara wa yaro hayaƙi har ya shiɗe, zalunci ne ko da sunan magani aka yi su.

Wani kuma zai ce, ƙaddara ce, sai haƙuri. Gaskiya ne, amma haƙuri ba ya nufin a kulle yaro a ƙuryar ɗaki don kada baƙi su gan shi. Imam Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace mai larura a hankalinta ta nemi Manzon Allah (S.A.W.) da wata buƙata, ya bar ta ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Shugaban al'umma ya ba ta lokacinsa, mu kuwa sai mu ce ba mu da lokacin ƴaƴanmu.

To me ya wajaba a kanmu? Na farko, a kai yaro asibiti da wuri, a nan ko babban asibitin Damagaram, a duba jinsa, don kurumta takan yi kama da wannan, a kuma duba farfaɗiya, wadda takan zo tare da larurar kuma tana da magani. Na biyu, a sani cewa babu ƙwaya ko saiwar da ke kawar da galahanga, kada a sayar da akuya ko gonar rake a kai wa mai alkawarin ƙarya. Abin da aka ga amfaninsa shi ne horo da wuri: magana gajera, nuni da hannu, tsari ɗaya kullum na ci da barci, da yabo in ya yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin koya wa iyaye irin wannan, an kuma gwada shi a Habasha. Na uku, uba ya ɗauki rabonsa. Sakin mace don ta haifi irin wannan ɗa rashin adalci ne, tunda gadon yana iya zuwa ta kowane ɓangare. Na huɗu, maƙwabta su hana yara jifansa da kiransa mahaukaci, malamin allo ya karɓe shi ko aya ɗaya zai iya, mu kuma in ya yi ƙara a sahu kada mu harari ubansa har ya daina kawo shi masallaci.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ranar hisabi ba za a tambaye mu dalilin da ya sa aka halicci yaron nan haka ba, za a dai tambaye mu yadda muka yi da shi da mahaifiyarsa.

Allah Ya ba iyayen waɗannan yara juriya da lada, Ya tsare harsunanmu daga cutar da su, amin.