Tsohon liyari da gaskiyar ciniki

Wataƙila akwai tsohon liyari cikin gidanku. Ko yana ƙulle cikin tsumma a ƙasan akwatin kakarka, ko an yi masa kunne ana rataya shi a wuya ranar biki. Yau za mu yi magana bisa wannan kuɗi, da yadda masana ke auna lafiyarsa. Daga nan sai mu kai ga tambaya guda: in kayanka yana da aibi, kana da damar ɓoye shi ranar sayarwa?

Mu fara da asalinsa. Liyari kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya, can Turai. Matar da ke jikinsa sarauniya ce, sunanta Mariya Tereza. Ta hau mulki a 1740, ta rasu a 1780. Nauyin liyari giram 28 ne, azurfa zalla da ke ciki kuwa giram 23 ce da ƴan kai. Fatake ne suka ƙetaro hamada da shi har ƙasar Hausa da Barno. A 1851 wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth ya iske ana canza liyari guda da wuri 2,500 a kasuwar Kano.

Ga wani abu da ya kamata ka sani. In ka ga 1780 bisa liyari, kada ka ce lalle a shekarar nan aka ƙera shi. Bayan rasuwar sarauniya an ci gaba da buga shi ba a canza shekara ba, don mutane sun saba da shi haka nan. An buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga baya kuma a Roma, da Landan, da Paris, da Bombay. Har yanzu ana buga sabo a Biyana, da wannan 1780 ɗin.

To, yaya ake sanin lafiyar tsohon kuɗi? Tun da can, ƴan kasuwar Habasha da na ƙasar Larabawa suna da dabara. A kafaɗar sarauniya akwai wani ɗan ado mai ƙananan duwatsu. Su suke dubawa. In duwatsun sun shafe, sun san kuɗin ya sha hannu, sai su ƙi karɓa ko su rage masa daraja.

A zamanin nan akwai mutane masu tara tsofaffin kuɗi don sha'awa, su ma suna da nasu awo. A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70. Lamba 1 ta kuɗin da ya cinye ce, wanda da ƙyar ake gane shi. Daga 60 zuwa 70 na waɗanda ba su taɓa yawo a kasuwa ba ne. Mai awo yana riƙe kuɗin ta gefe, ba ya taɓa fuskarsa. Yana sa madubin ƙara girma ƙarƙashin fitila. Yana fara duba wuraren da suka fi tudu, kamar gashi da kunci, don su ne ke fara shafewa. Sannan ya duba rubutu, ya nemi ƙarzuna, ko huda, ko wurin da maƙeri ya yi liƙi.

Yanzu ga inda magana take. A ce wani mutum ya gaji liyari, ya ga ya yi duhu. Sai ya samo toka da lemun tsami, ya dirje shi har ya yi walƙiya, don mai saye ya ɗauka sabo ne. A ganinsa ya ƙara masa kuɗi. Alhali kuwa ya rage. Dirza tana barin ƙananan layuka bisa azurfa, madubi kuma yana nuna su sarai. A Amurka akwai kamfanonin awon kuɗi, kamar PCGS da aka kafa a 1986, da NGC da aka kafa a 1987. In aka kawo musu kuɗin da aka dirje, ba su ba shi lamba. Sai su rubuta a jikin ma'ajinsa cewa an wanke shi, kowa ya gani. Duhun da shekaru suka sa ba ya hana kuɗi samun lamba. Hannun mai son ɓoyewa ne ke hana shi.

Wani zai ce: ai kowa yana gyara kayansa kafin ya kai kasuwa. Mai nono tana wanke ƙwaryarta, mai rago yana yi masa wanka. Gaskiya ne, kuma babu laifi. Amma duba bambanci. Wankin rago yana fito da ragon yadda yake. In kuwa ka ɗirka masa ruwa da kanwa don cikinsa ya cika a ce ya yi ƙiba, to ka nuna abin da babu. Abin da za ka tambayi kanka ke nan: da mai saye ya ga abin da na yi, zai biya wannan kuɗi? In amsa a'a ce, ba gyara ka yi ba, zamba ka yi.

Wannan magana ta hau kan mai saye shi ma. Akwai wanda ya san azurfa, ya san farashinta. Sai ya iske tsohuwa da liyarinta cikin ƙauye, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya ce mata ai wannan ƙarfen banza ne, ya miƙa mata ƴan daloli. Mai dirza ya ɓoye aibi, wannan ya ɓoye daraja. Laifinsu guda ne: kowanensu ya ci kuɗin abin da ɗan'uwansa bai sani ba. Shi ya sa masu tara kuɗi ke kai kayansu wurin mai awo wanda ba shi ne mai saye ko mai sayarwa ba. Mu ma mun san haka. Tiyar da ake saye da ita, da ita ya kamata a sayar.

Abu guda ya rage. A wannan ma'auni, kuɗin da bai taɓa aiki ba shi ne a sama. Wanda ya sayi gishiri da hatsi, ya biya sadaki, ya bi hannu dubu, shi ne a ƙasa. Ga kuɗi, wannan daidai ne. Amma kada ka auna mutum da shi. Hausa ta riga ta raba gardama: in kuɗi ya goge darajarsa ta ragu, in mutum ya goge kuwa sai mu ce gogagge ne, a nemi shawararsa. Kantar hannun manomi da furfurar tsoho ba abin ɓoyewa ba ne.

Saboda haka, in kana da liyari, bar shi yadda yake. Kada ka dirje shi. Naɗe shi cikin ƙyalle mai taushi, ka aje wuri busasshe. In buƙata ta sa za ka sayar, kai shi a auna bisa sikeli a gabanka, ka ji farashi wurin mutum biyu ko uku. Sannan ka faɗa wa mai saye duk abin da ka sani game da shi, har da hudar da ke jikinsa.