Fatawa: Hukuncin Amfani Da Maganin Zubewar Gashi Ga Mace

TAMBAYA

Ni matar aure ce a garin Rabah, 'ya'yana huɗu, ƙaramin yana wata biyar ina shayar da shi. Kusan shekara biyu ke nan gashina yana raguwa, tsagar tsakiyar kaina ta yi faɗi, gaban goshi kuma ya cinye. Tun da na haihu abin ya ƙaru, in na tsefe kai sai in tara gashi cike da tafin hannu. Ƙanwata da ke aure a Sakkwato ta aiko mini da wata 'yar kwalba daga kemis mai suna Minoxidil, ta ce akwai ma ƙwayoyin sha. Sai maƙwabciyata ta duba jikin kwalbar ta ce akwai alkohol a ciki, ba a salla da shi, kuma wai canza halittar Allah ne. Mai kitsona ita kuwa cewa ta yi in daina wahalar da kaina, ta saka mini gashin doki. Malam, wanne ya halatta gare ni?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, neman maganin zubewar gashi halal ne, shafa wannan maganin ma a asalinsa halal ne, kuma sallarki ba ta ɓaci da shi. Gashin doki kuwa bai halatta ba. Sai dai ke a halin da kike ciki na shayarwa, ki ajiye kwalbar tukuna har likita ya gan ki, zan kuwa faɗa miki dalili.

Hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da a nemi magani. Wannan ba baƙon karatu ba ne a ƙasarku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa yake nan Wurno kusa da ku, duk da nauyin sarauta da tsaron iyaka, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magunguna, har da wanda ya keɓe wa ciwon basir. Bai ɗauki hakan a matsayin raunin tawakkali ba.

Maganar canza halitta kuwa, maƙwabciyarki ta haɗa abubuwa biyu da malamai suka raba. Akwai wanda Allah ya halicce shi lafiya ƙalau ya ce bai gamsu ba, ya je ya sauya. Wannan shi ne abin zargi. Akwai kuma wanda wani aibi ya same shi, yake neman a mayar da shi yadda Allah ya yi shi tun farko. Ke a rukuni na biyu kike. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum uku daga Banu Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, waɗanda Allah ya aiko musu mala'ika. Da aka tambayi mai sanƙon abin da ya fi so, gashi mai kyau ya roƙa, mala'ikan ya shafe shi, gashin ya fito. Da neman dawowar gashi saɓo ne, da ba a lissafa shi cikin ni'imar da aka jarrabe shi da ita ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta har dashen gashi ga wanda nasa ya zube, ta kuma ambaci mace musamman. In tiyata ta halatta, ina ga ɗan ruwan da ake ɗigawa a fatar kai?

To me ya sa gashin doki bai shiga wannan rangwamen ba? Saboda an yi wa Annabi (SAW) tambaya mai kama da taki. Asma'u 'yar Abubakar ta ba da labarin wata mata da ta zo ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta, gashinta ya kakkaɓe, ko za ta iya yi mata ƙari da wani gashi. Ki duba uzurin: yarinya, amarya, cuta ce ta jawo, ga miji yana jira. Duk da haka bai yarje mata ba, sai ma ya ambaci tsinuwa a kan mai yin ƙarin da wadda ake yi wa. Bai hana ta neman magani ba, ƙarin ya hana. Magani naki gashin yake tsirowa, ƙari kuwa na wani ne ko na roba ake nunawa a matsayin naki. Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta kawo wannan hanin, kuma abin da aka ruwaito daga Imamu Malik shi ne hanin ya haɗa duk abin da aka sadar da gashi, ko na mutum ne ko ba na mutum ba. Wasu magabata kamar Laisu bin Sa'ad sun sassauta a kan ulu da ƙyalle. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne zare mai launi da ake ɗaure bakin kitso da shi don ado, wanda kowa ya gani ya san ba gashi ba ne. Ban da hukuncin shari'a ma, ɗora nauyin gashin doki a kan gashin da ya riga ya yi rauni ƙara tsinka shi ne. Mai kitso za ta karɓi kuɗinta, ke ce za ki tsefe bayan wata ɗaya ki tarar goshin ya ƙara ja da baya.

Batun alkohol gaskiya ne, akwai shi a ruwan maganin, don shi ne ke narkar da sinadarin ya kai shi cikin fata, sannan ya bushe ya bi iska. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu, suna ganin giya najasa ce. Amma Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu da Muzani suna ganin shanta ne haram, jikinta ba najasa ba ne. Sannan wannan ba abin sha ba ne, ba wanda ke buguwa da shafa shi a ka. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 16 a shekarar 2002, ta halatta amfani da alkohol a bayan fata, wajen wanke rauni da cikin mayukan shafawa na magani. A kan wannan nake ba da fatawa: wadda ta shafa ta yi salla, sallarta ta yi, ba sai ta sake ba. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki riƙa shafawa bayan sallar isha'i. Ba zan ɗora wa mace wanke kai kowace asuba cikin hunturun Rabah ba a kan abin da shari'a ba ta tilasta ba.

Alwala ma ba ta da matsala, domin maganin ruwa ne da fata ke shanyewa, ba ya yin ɓawon da zai tare ruwa. Ki shafi kanki gaba ɗaya kamar kullum. A wankan janaba ba sai kin tsefe ba matuƙar ruwa na ratsawa zuwa fata in kin cuɗa, sai in kitson ya matse ƙwarai ko an cika shi da zare. Azumi ne ke da 'yar magana: malamanmu na Malikiyya sun yi saɓani a kan wanda ya shafa mai ko lalle a ka da rana har ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, wasunsu suka ce ya rama. Ki mayar da shafawar dare a watan Ramadan, kin huta da saɓanin.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda nake so ki tsaya ki saurare ni shi ne nan.

A cikin wasiƙarki kin bayyana abubuwa uku kina zaton abu ɗaya ne. Gashin da kike tarawa cike da hannu tun bayan haihuwa sananne ne wajen likitoci. Lokacin ciki gashi yakan daina zubar da ya saba, wadda a lafiyayyen mutum takan kai sili 50 zuwa 100 a rana. Bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai wanda ya taru ya zube gaba ɗaya. Wannan yakan tsaya da kansa, galibi kafin yaro ya shekara, ba ya bukatar Minoxidil. Abin da ya kamata a duba shi ne jininki, domin mace mai haihuwa huɗu da shayarwa tana iya samun ƙarancin jini, shi ma yana zubar da gashi, haka nan ciwon da ke da alaƙa da maƙoƙo. Maganin ƙarancin jinin a ƙwayar ƙarin jini yake da hanta da wake da zogale, ba a kwalbar shafawa ba.

Cinyewar goshi kuma, ki yi haƙuri in faɗa miki, sau da yawa aikin hannu ne. Duk mun san yadda ake yi a cikin gidajenmu: mace ta kifa kai a cinyar mai kitso, a ja shuku ko ƙananan kalaba har girarta ta ɗaga, daren farko ta kasa ɗora kai a matashi sai ta sha maganin ciwon kai, kwana biyu ƙananan ƙuraje su feso a bakin goshi. Ana cewa kitso ya yi kyau. Kowane irin wannan jan yana raunana saiwar gashi, in aka daɗe ana yi sai gurbin ya mutu ya zama tabo, kuma inda ya zama tabo babu maganin da ke tsiro da gashi. In aka haɗa da man miƙar da gashi mai ƙona fata, abin ya fi muni. A shari'ance kitson da kika san yana cutar da ke barinsa wajibi ne, domin ado ba ya halatta cutar da jiki. Ki sa a sassauta hannu, a yi manya, a riƙa barin kan yana hutawa.

Faɗin tsagar tsakiyar kai da ya faro tun kafin cikin nan, shi ne mai yiwuwa irin na gado, kuma shi aka yi Minoxidil dominsa. Asalinsa maganin hawan jini ne. Da aka ga masu shansa gashi yana fito musu, sai aka mayar da shi na shafawa, Amurka ta amince da shi ga maza a 1988, ga mata a 1991. Akwai mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 da mai kashi 5. Ba ya aiki sai an jure wata uku zuwa shida, a makonnin farko ma zubar takan ƙaru, ba kuma kowace mace yake yi wa aiki ba. Ranar da aka daina, cikin 'yan watanni abin da ya tsiro zai koma. Ki san da wannan kafin ki fara, don kada ki zuba kuɗin wata biyu ki bari, ya zama asarar dukiya. Wasu matan yakan fito musu da gashi a kumatu ko haɓa. Cire wannan ya halatta, malamanmu ma umartar mace suke da ta kawar da gemu in ya fito mata, kuma bai shiga hanin tsige gira ba.

Dalilin da na ce ki ajiye shi yanzu, masu yin maganin da kansu sun rubuta gargaɗi ga mai ciki da mai shayarwa. Ki kuma tuna yadda kike yini: yaron yana goye a bayanki, fuskarsa a ƙeyarki, hannunsa cikin gashinki, daga nan sai bakinsa. Maganin da aka yi don saukar da hawan jinin babba ba abin wasa ba ne kusa da jariri. Ki ɗaga kwalbar inda sauran yaran ma ba za su kai ba.

Ƙwayoyin da ƙanwarki ta ambata sun fi wannan nauyi. Spironolactone yana sa yawan fitsari, yana iya rikita al'ada, yana ɗaga wani gishiri a jini da sai an riƙa aunawa. Ki auna wannan da azumi a zafin bazarar ƙasar Sakkwato. Finasteride kuwa yana iya lalata halittar al'aurar ɗa namiji a ciki, har ana hana mai ciki taɓa ƙwayar da ta fashe. Saboda haka haram ne mai ciki, ko wadda take tsammanin ciki, ta sha su don gyaran gashi, domin haƙƙin abin da ke cikinta ya fi gaban adonta. Haka nan ban halatta wa kowace mace ta saye su a kemis bisa shawarar ƙawa ba. In likita ya rubuta su, yakan sharɗanta a dakatar da ɗaukar ciki, wannan kuwa ba shawarar mutum ɗaya ba ce, sai da sanin maigida da yardarsa, kamar yadda shi ma ba shi da ikon hana ki haihuwa ba da yardarki ba.

Ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke a auna jininki. In ana bukatar likitan fata, a nema miki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ki nemi mace. In ba a samu ba, ya halatta namiji ya duba kanki gwargwadon bukata, mijinki ko muharraminki ko ma'aikaciyar jinya tana wurin.

Shi kuma maigida, in wannan takarda ta kai gare shi: na san abin da ya shahara a littafin Mukhtasar na mazhabarmu shi ne ba a wajabta wa miji kuɗin magani ba, amma a wurin ne aka wajabta masa man kai da lalle da kwalli da matar za ta cutu in ta rasa su, kuma Ibnu Abdil Hakam, cikin manyan almajiran mazhaba, ya ɗora masa kuɗin likita da na magani. Ni maganarsa nake rinjayarwa a wannan zamani. Gashin nan a wajen haifa maka 'ya'ya wani sashinsa ya zube, kai ne kuma kaɗai namijin da ake yi wa adon. Ka biya kuɗin mota da na awo, kada kuma ka mayar da abin na zolaya a gaban abokiyar zamanta, in tana da ita.

Ke kuma 'yar'uwa, ki ci gaba da man kaɗanya da karkashi in suna miki daɗi, ba laifi, suna tausasa gashi ko da ba su tsiro da wanda ya mutu ba. Ki ce wa mai kitso ta sassauta, ki ce mata gashin doki a'a. In kin yaye yaron, ba ki da ciki, likita kuma ya ce irin zubewarki ce ta Minoxidil, ki shafa abinki ki yi sallarki.

Allah ne mafi sani.