Hukuncin Noman Tabar Wiwi Da Sunan Magani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Wani manomi daga Kekun Waje ta ƙasar Bungudu ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya ji likitocin Amurka suna magani da tabar wiwi, shin ya halatta ya shuka ta a gefen gonar dawarsa?

Malam, abin da ka ji yana da ƙamshin gaskiya. Ganyen nan yana ɗauke da sinadarai iri-iri. Mai juyar da hankali shi ne THC, wanda masana suka ware a 1964. Akwai kuma CBD, wanda ba ya bugarwa. Shi aka tace aka yi maganin wata muguwar farfaɗiya ta yara, Amurka ta amince da shi a 2018. Irin wannan, in likita ya auna shi don lalura, ba mu ga laifinsa ba.

To, amma wa zai sayi taka? Likita ba zai zo ba. Masu zuwa su ne samarin tasha da mutanen dajin nan da suka hana ku noma. Shehu Ƙarafi ya sa wiwi cikin masu ɓata hankali, Ibn Taimiyya kuwa ya daidaita ta da giya. Sun saɓa a kan haddi, amma sun haɗu a kan haramcin shan abin da zai taɓa hankali. Malamanmu na Malikiyya kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa, hukuncin gonarka ke nan. Dokar ƙasa ta 1966 ma ta tsananta wa mai shukarta. Wallahu a'alamu.