Yashin Gaske Da Gaskiyar Zane

Akwai wani salon zane da masu fasahar zamani suke ji da shi, wato haɗa kaya iri-iri a kan allo guda. Mai son zana masu hutu a bakin teku sai ya shafa fenti mai ruwa-ruwa ya fitar da sararin sama, ya shafa gam a ƙasan allon ya barbaɗa yashi na gaske, ya yanko ƙyalle ya yi laima da shi, sannan ya tara farin fenti mai kauri don kumfar ruwa ta taso. In ya gama, mai kallo yakan ji kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: shin yashin nan na gaske ya ƙara wa zanen gaskiya?

Dabarar dai ba sabuwa ba ce. Tun a 1912 Pablo Picasso ya manna wani ƙyalle mai hoton saƙar kujera a jikin zanensa, ya kewaye shi da igiya. Abokinsa Georges Braque kuwa ya riƙa cuɗa yashi a cikin fenti. Amma misalin da ya fi dacewa da tambayarmu ya girmi waɗannan, kuma ba da gangan aka yi shi ba.

A lokacin zafi na shekarar 1870, Claude Monet yana Trouville, wani gari a gaɓar tekun arewacin Faransa, inda masu hannu da shuni suke zuwa shan iska daga Faris. Bai daɗe da auren matarsa Camille ba. A can ya zana mata biyu suna zaune riƙe da laima, da wata kujera ba kowa a kanta a tsakaninsu. Zanen yana gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan. Wanda ya duba da kyau zai ga ƙwayoyin yashi maƙale a cikin fentin, waɗanda iska ta watsa tun bai bushe ba. Da wannan ne masana suka kafa hujjar cewa a bakin tekun ya yi aikin.

To, amma ranar 19 ga Yuli na wannan shekarar ce Faransa ta shelanta yaƙi da Furushiya. Kafin shekarar ta ƙare Monet ya tsere zuwa Landan, an kuma kashe abokinsa mai zane Frédéric Bazille a fagen fama a watan Nuwamba. Ko alamar wannan tashin hankali babu a cikin zanen. Ke nan yashin ya shaida mana inda mutumin ya tsaya, amma bai faɗa mana halin da ƙasarsa take ciki ba.

Shin za mu ce Monet ya yi ƙarya? A ganinmu, a'a. Allo yana da iyaka, babu wanda zai zuba duniya duka a cikinsa. Kuma gaskiya ne cewa mutane sukan zauna shan iska alhali wuta tana ci a wani gefen. Sanin labarin yaƙin bai rushe zanen ba, sai ma ya ƙara masa nauyi, domin yanzu mun san zaman nan bai daɗe ba.

Ƙarya tana farawa ne inda aka yi amfani da ƙaramar gaskiya don a sayi yardar mai kallo a kan abin da ba haka yake ba. Alal misali, mai zanen da aka biya don ya tallata wurin shaƙatawa: ya manna yashi na gaske, amma ya share bolar da ruwa ya kwaso, ya cire masuncin da aka kora daga wurin don a gina masauki. Wannan yashin ya zama shaidar zur. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne. A dawo da abin da aka cire, a gani. In zanen ya tsaya da ƙafarsa, zaɓi aka yi. In saƙonsa ya rushe, ɓoyewa aka yi.

Mu marubuta ma muna da namu yashin: sunan unguwa, farashin kaya a kasuwa, karin magana, salon maganar 'yan tasha. Mukan barbaɗa su don mai karatu ya ce lallai marubucin nan ya san wurin. Babu laifi a cikin haka. Laifin shi ne mu samu yardarsa da waɗannan, sannan mu nuna masa dukiyar da ba a san tushenta ba, ko gidan da ba a ganin masu yi masa hidima. Saboda haka, kafin mu kai rubutu maɗaba'a, ya kamata mu lissafa abin da muka bari a waje, mu tambayi kanmu dalilin barinsa.