Cinikin Hankalin Yaro

A shekarar 1991, a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, wasu mawaƙa biyar suka fitar da kundin waƙoƙin yara da sunan The Wiggles. Uku daga cikinsu, Anthony Field da Murray Cook da Greg Page, sun yi karatun tarbiyyar ƙananan yara tare a Jami'ar Macquarie. Jeff Fatt abokin kiɗan Anthony ne tun a wata ƙungiya ta manya, The Cockroaches. Na biyar, Phillip Wilcher, bai daɗe ba ya bar su. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan ƙungiyar na cika ɗakunan taro, kuma ta yi shekaru a jere tana kan gaba cikin masu nishaɗantarwa da suka fi samun kuɗi a ƙasarsu.

Kuɗin nan ne ya sa nake tambaya: ya halatta mutum ya gina arziki a kan hankalin wanda bai san ana ciniki da shi ba? Ɗan shekara uku ba ya karanta sharuɗɗa, bai iya cewa ya isa ba. Duk wanda ya yi masa waƙa ya fi shi wayo, ya fi shi ƙarfi.

Sana'ata rubuta manhaja, saboda haka na san ma'aunin da muke yawan amfani da shi: minti nawa mutum ya zauna, ya dawo gobe ko bai dawo ba. Ana gwada launi biyu a kan jama'a, wanda ya fi riƙe ido shi ake bari. Bidiyo na ƙarewa wani ya fara da kansa. Matsalar ma'aunin ita ce bai san bambancin yaron da ke tsalle yana dariya da wanda ya daskare baki buɗe ba. A wurinsa dukansu minti ashirin ne.

The Wiggles suna da wani wasa da ya nuna mini inda bambancin yake. Jeff, mai rigar shunayya a da, sai barci ya kwashe shi ana tsakiyar waƙa. Ba abin da zai ci gaba sai yara sun haɗa baki sun yi ihu sun tashe shi. Asalin abin ma dabara ce, don Jeff bai yi karatun yara kamar sauran ba, aka nema masa rawar da ba ta buƙatar magana. Amma duba abin da yaro ya samu. Shi da kullum ake ce wa zauna, ci, kwanta, yau ga babba ya yi abin da bai kamata ba, kuma muryarsa ce ta gyara. Yawancin waƙoƙinsu haka suke, kowace da motsin da ake so yaro ya tashi ya yi. Abin da ya ce maka tashi ka motsa jikinka bai zama ɗaya da abin da ke samun riba daga zamanka ba, ko da a allon waya guda ka gan su.

Kada mu wanke su tas. Akwai 'yan tsana da riguna da jakunkunan makaranta masu hoton Dorothy, dabbar nan koriya ta cikin wasanninsu, kuma uban da ɗansa ya kwanta a ƙasan kanti yana kuka ya san wa ya biya kuɗin. Akwai kuma batun Sam Moran. Da rashin lafiya ya sa Greg ya ajiye rigar rawaya a 2006, Sam ne ya saka ta, ya yi shekara biyar yaran wancan lokaci ba su san wani ba sai shi. A farkon 2012 aka mayar da Greg, aka sallame shi, iyaye da yawa suka ji haushi. Daga baya rigar ta koma wuyan Emma Watkins, sannan Tsehay Hawkins, haifaffiyar Habasha. Mu masu manhaja mun saba da haka, a cire ɓangare a sa wani muddin fuskar ba ta canja ba. Kamfanin ya gane cewa masu kallonsa sababbi ne duk bayan 'yan shekaru, rigar ce ke dawwama. Wannan ne ya raya shi, amma yaron da ya so Sam ba riga ya so ba, kuma ba wanda ya nemi shawararsa.

Wani ƙaramin abu ya fi komai tsaya mini a rai. Yatsun nan da suke nunawa in za a ɗauke su hoto da yara, sun ɗauki al'adar ne don kowa ya ga inda hannayensu suke. Mutane ne masu suna da fuska, sun yarda a sa musu ido. Tsarin da ke zaɓa wa yaro bidiyo na gaba a YouTube, wa zai ce masa nuna hannunka?

A watan Janairun 2022 masu sauraron gidan rediyon matasa na Triple J suka zaɓi waƙar Tame Impala da The Wiggles suka sake rerawa a matsayin ta ɗaya a shekarar da ta gabata. Da yawa cikin masu zaɓen yaransu ne na da. Ana iya cewa amincewar da ba su iya bayarwa ba suna 'yan uku ce suka bayar bayan sun yi hankali. Hujja ce, sai dai ban ɗauke ta cikakkiya ba, don babba yakan tuna da alewar da ta ɓata masa haƙori cikin so. Ina dai jiran in ga ko yaran yau, in sun kai ashirin da biyar, za su iya tuna sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka rene su ta waya.