Bulalar Malami: Tarbiyya Ce Ko Huce Haushi?



Akwai wata tambaya da mu malamai muke kauce wa: sa'ad da muka ɗaga bulala a kan yaro, shin gyaransa muke nufi, ko kuwa zafin da ke ƙirjinmu muke neman saukewa? Da yawanmu da bulala muka tashi tun daga makarantar allo, har muka ɗauka karatu ba ya shiga sai da ita.

Mu fara duba halittar jikinmu. A shekarar 1915 Walter Cannon, masanin aikin jiki a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya bayyana cewa idan mutum ya ji barazana, wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda sukan zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, jiki ya shirya faɗa ko gudu. Masu bincike na baya sun ƙara da cewa a wannan hali sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abu kafin a aikata, yakan yi rauni. To, malamin da bai sami isasshen barci ba, ya sha cunkoson mota, ga kuɗin haya na jiransa, da wutarsa yake shiga aji. Dariyar yaro guda ta isa ta hura ta.

Shi ma ɗalibi irin wannan jiki gare shi, kuma nasa sashen na gaba ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Yaron da muka tsayar ya kawo i'irabi ya yi tsit, sau da yawa ba taurin kai ba ne, tsoro ne ya daskarar da shi. Yarinyar da ke gyangyaɗi mai yiwuwa tun asuba take taya uwarta sayar da koko. Idan muka daka musu tsawa, ƙofar fahimtar da muke so ta buɗe ita muke ƙara rufewa. Ibn Khaldun ya hango haka a Muƙaddimarsa tun 1377, inda ya nuna cewa tsanantawa kan koya wa yaro ƙarya da kasala. A nan Ghana ma hukumar ilimi ta hana duka a makarantu a 2017.

Wani zai ce, ashe sai mu zuba ido yara su lalace? A'a. Horo yana nan, amma wa ya cancanci yanke shi? Shari'a ta hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malami kuwa alƙali ne a ajinsa, kuma wanda ke gabansa ba shi da mai kare shi. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 ba a taɓa kyararsa ba.

Sunna ta koya wa mai fushi ya yi shiru, ya nemi tsari, ya zauna in yana tsaye. Mu haɗa da jan numfashi a hankali da tsawaita fitar da shi, domin hakan kan motsa jijiyar fagas mai sassauta bugun zuciya. Sa'an nan mu jinkirta hukunci sai an tashi daga aji. In bayan mun huce muka ga har yanzu ya dace, to tarbiyya ce. In kuwa muka ji kunyarsa, haushinmu ne muka so ɗora wa ɗan mutane.

Iyaye amana suka ba mu, kuma za a tambaye mu a kanta. Allah Ya ba mu ikon mallakar kanmu kafin mu nemi mallakar aji.